Shin Ko Kun San? Fulogin ɗin da Suka Dace da Mai Rubuta Manhaja Daga Gidan Rumji Zuwa Gazawa

Shin ko kun san cewa manhajar da mai rubuta kod yake wuni a cikinta, wadda ƴan sana'ar ke kira edita, da gangan masu ita suke barin mata kafofi? Sun bar su ne don kowa ya jona mata ƙananan manhajojin da za su ƙara mata iyawa. Su ake kira fulogin. Wani yana daidaita rubutu, wani yana zaƙulo fayil, wani yana nuna kuskure tun kafin a kai ga gwaji. Dubbai ne, kuma akasarinsu kyauta. Sai dai fa jerin "mafi inganci" da ke yawo a intanet, mutanen da kuran ba ya ɗauke musu ne suka tsara su. Matashin da ke koyon Python a Aguié, ko ma'aikacin da ke tace bayanan ƙauyuka a Gidan Rumji, lissafinsa daban: kuran, rezo, allon maɓallan Faransanci, da haruffanmu masu lanƙwasa. Da wannan mudun za mu auna yau.

Shin ko kun san cewa rashin saurin layin sadarwa ne ya haifi ɗaya daga cikin editocin da suka fi daɗewa a duniya? A 1976 Bill Joy, ɗalibi a jami'ar Berkeley da ke Amurka, ya fara rubuta abin da ya zama vi, yana aiki ta layin tarho mai ɗaukar haruffa kamar 30 a daƙiƙa guda. Shi ya sa umarnin vi gajeru ne ƙwarai: dd ya share layi, yy ya kwafe shi, p ya liƙa. Maɓallan h, j, k da l kuwa, da ake yawo da su hagu, ƙasa, sama da dama, a jikinsu aka zana kibiyoyi a na'urar ADM-3A da yake aiki da ita. Duk wanda ya taɓa shiga wata kwamfuta ta nesa da rezon ƙauye ya san amfanin wannan rowar haruffa.

Shin ko kun san cewa Vim, magajin vi, yana da zumunci da Afirka? Bram Moolenaar, mutumin ƙasar Holan, ya sake shi ga jama'a a watan Nuwamba na 1991. Bai sa masa farashi ba. Abin da ya roƙa shi ne duk wanda ya ji daɗinsa ya taimaka wa marayun Kibaale a Yuganda, inda shi kansa ya yi aikin sa kai. Shekaru da yawa, da ka buɗe Vim saƙon nan ne zai fara tarbar ka. Ya rasu ranar 3 ga Agusta 2023 yana da shekara 62. Reshen da ake kira Neovim kuma wani ɗan Brazil, Thiago de Arruda, ya tsago shi a 2014.

Shin ko kun san cewa a Gazawa babban layin lantarki mai ƙarfin kilobolt 132 da ya taso daga Katsina yake sauka, daga nan a raba wa Maraɗi da Damagaram? Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a tuna musu abin da ya faru a farkon Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take tura wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka yi watanni kafin a maido ta a Maris na 2024. To, ga mai rubuta kod a nan, tambayar farko ita ce: idan kuran ya ɗauke yanzu, batirin kuma ya daɗe da mutuwa, me zan tarar in na sake kunnawa?

Amsar tana cikin editan tun kafin a je neman fulogin. A editan VS Code akwai saitin files.autoSave. Idan aka mayar da shi afterDelay, duk bayan daƙiƙa ɗaya da ka tsaya da bugu zai adana aikin. A kashe yake zuwa, sai ka kunna da hannunka. Tun 2022 kuma editan yana ajiye tsofaffin kwafin kowane fayil a sashen Timeline, ko da ba ka taɓa jin sunan Git ba. Vim yana rubuta wani ɓoyayyen fayil na ko-ta-kwana yayin da kake aiki. Bayan ɗaukewar wuta, ka buga vim -r da sunan fayil ɗin, sai ya dawo maka da kusan duk abin da ka rubuta. Akwai ma wanda ya fi wannan: layi ɗaya tak, set undofile, da aka shigo da shi a Vim 7.3 a 2010. Da shi za ka rufe fayil yau, ka buɗe jibi, ka ci gaba da warware gyare-gyaren shekaranjiya ɗaya bayan ɗaya. Sai a nan fulogin ya shigo: undotree yana zana maka tarihin gyaran nan reshe-reshe a gefen allo, ka ga inda ka kauce, ka koma can kai tsaye. A ganina, wanda bai saita waɗannan ba, bai kamata ya ɓata data wajen sauko da launuka ba.

Shin ko kun san cewa ba dole sai da intanet ake girka fulogin ba? Kowane fulogin na VS Code fayil guda ne mai ƙarewa da .vsix. Mutum ɗaya ya samo shi a Maraɗi inda rezo ke da ƙarfi, ya zuba a kile na USB, ya hau mota zuwa Tsibiri ko Gangara, goma su girka ta umarnin Install from VSIX. Na Vim ma ya fi sauƙi. Tun fitowar Vim 8 a 2016, folda ce kawai za ka kwafa ka ajiye a ƙarƙashin .vim/pack, cikin wata folda mai suna start da ke cikin wata folda mai kowane suna, editan ya ɗauke ta da kansa. Kuma ku leƙa saitin extensions.autoUpdate: idan a kunne yake, kana jona waya da kwamfuta zai fara sabunta fulogin a ɓoye, kai kuma kana mamakin inda data ta tafi. Ga masu yawan duba littattafan bayanin harsunan kod, manhajar Zeal tana sauko da na Python, PHP, JavaScript da sauransu sau ɗaya, a riƙa karantawa ba rezo, kuma akwai fulogin da ke buɗe ta a kan kalmar da ka tsaya.

Shin ko kun san cewa wayar Android da ke aljihunku tana iya ɗaukar Vim sukutum da fulogin ɗinsa? Manhajar Termux ce ke buɗe wannan ƙofa. Bayan an girka ta, pkg install vim python git ya wadatar. An fi samun sabuwarta a rumbun F-Droid. Da ɗan allon maɓallai na Bluetooth, ko na waya da aka jona ta OTG, ɗalibin da ba shi da kwamfuta zai yi atisayensa da cajin faranti mai hasken rana. Allon ƙarami ne, ido yana gajiya, ba na musun wannan. Amma jiran ranar da za a sayi kwamfuta ya hana mutane da yawa farawa.

Shin ko kun san cewa kusan duk editocin nan an tsara gajerun hanyoyinsu ne a kan allon QWERTY na Amurka? Mu kuwa a ofisoshi da makarantun Nijar AZERTY muka gada daga Faransa. A kansa, kafin ka sami { sai ka danne AltGr da 4, [ kuma AltGr da 5, \ AltGr da 8, lambobi ma sai da Shift. Mai rubuta JavaScript yana buga waɗannan alamomi ɗaruruwa a wuni. Shi ya sa fulogin mai rufe baka da kansa, irin su auto-pairs a Vim ko nvim-autopairs a Neovim, ya fi mana amfani fiye da yadda yake yi wa Ba'amurke: ka buɗe, shi ya rufe, an rage maka rabin murɗa yatsu. VS Code da wannan ya zo. Wani abin kuma, kwamfutocin hannu da ke shigowa ta wajen Kano da Katsina galibi QWERTY ne, sai mutum ya wuni da wannan a ofis, ya kwana da wancan a gida. Maganinsa shi ne ka mayar da umarnin da ka fi amfani da su kan haruffan da ba su canja wuri tsakanin allunan biyu ba, ka ajiye fayil ɗin saitinka a kile, duk inda ka zauna ka zuba.

Shin ko kun san lambobin haruffanmu? A tsarin Unicode kowane harafi na duniya yana da lambarsa. Ta ɓ ita ce 595, ɗ 599, ƙ 409, ƴ kuma 436. Manyansu: Ɓ 385, Ɗ 394, Ƙ 408, Ƴ 435. Ku rubuta su a bangon littafi, domin da su za ku koya wa Vim Hausa ba tare da kun sauko da komai ba. A fayil ɗin saiti a rubuta digraphs kk 409 dd 599 bb 595 yy 436. Daga nan, in kana cikin rubutu, ka danna Ctrl da k, ka buga kk, sai ƙ ta fito. In kuma ka ga wani harafi kana shakkarsa, ɗora alamar rubutu a kansa ka buga ga, editan zai faɗa maka lambarsa. Masu Windows suna da allon Hausa a cikin jerin harsunan da ya zo da su, akwai kuma Keyman na ƙungiyar SIL, wanda kyauta ne.

Maganar ta wuce ado. Tun 1999 ma'aikatar ilimi ta Nijar ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa da waɗannan haruffa, kuma kundin da aka fitar a ƙarshen Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi su zama harsunan aiki. Ke nan manhajojin da za a rubuta wa asibitoci, makarantu da ƙungiyoyin manoma za su ƙara bukatar saƙonni da Hausa, kuma saƙon da ya rubuta "kasa" inda ake nufin "ƙasa" ya bar mai karatu da canke. Python 3, tun fitowarsa a 2008, yana karɓar waɗannan haruffa har a sunayen da ake raɗa wa abubuwa cikin kod: ƙauye = "Ɗan Saga" layi ne ingantacce. Abu ɗaya za a kiyaye: idan aka ce kwamfuta ta jera sunaye bisa lambobin haruffa, duk mai farawa da Ɓ, Ɗ ko Ƙ zai koma can ƙasa, bayan Z. Wanda bai sani ba sai ya ce an cire ƙauyensu daga jerin.

Shin ko kun san cewa wani lokaci VS Code yana zagaye baƙon harafi da ɗan akwati mai ruwan ɗorawa? A ƙarshen 2021 aka ƙara wannan, bayan masu bincike biyu na jami'ar Cambridge, Nicholas Boucher da Ross Anderson, sun nuna yadda za a ɓoye mugun kod da haruffan da ido ba ya bambancewa. In ya zagaye muku namu, ba lalacewa ya yi ba. A saitin editor.unicodeHighlight.allowedCharacters ake gaya masa cewa waɗannan ƴan gida ne.

Shin ko kun san cewa ƴ ta Nijar ta fi 'y ta Najeriya zaman lafiya da kod? A yawancin harsunan kod, wannan ɗan waƙafin sama shi ne ke buɗe zance ya rufe shi. Rubuta 'ya'ya a tsakanin irinsa guda biyu, sai Python ya ɗauka zancen ya ƙare tun a harafin farko, ya tsaya cak. Mu da ke rubuta ƴaƴa mun tsira a nan, amma ba mu tsira daga jama'a, sana'a, Asma'u da Sa'idu ba. A rumbun bayanai na SQL abin ya fi muni, don ta wannan kafar ce masu kutse ke shigar da umarninsu idan mai manhaja ya yi sakaci. Fulogin vim-surround na Tim Pope yana rage wahalar: tun kafin ka sa waƙafin a tsakiyar kalma, ka tsaya a cikin zancen ka buga cs'" sai alamomin gefe biyu su koma masu ɗigo bibbiyu nan take. Launin da edita ke shafa wa kod ma ɗan rahoto ne: da ka ga rabin shafi ya rikiɗe ya zama launin zance, nemi Sa'idu, yana nan kusa.

Shin ko kun taɓa buɗe fayil kuka ga an rubuta AguiÃ© a maimakon Aguié? Ba ƙwayar cuta ba ce. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, harafin é gurbi biyu yake ci. Idan wata manhaja ta karanta fayil ɗin da tsohon tsarin Windows na yammacin Turai, sai ta ɗauki kowane gurbi harafi ne mai zaman kansa. Haka ƙ take komawa Æ™. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bi su ɗaya-ɗaya ana gyarawa da hannu. A VS Code, can ƙasa ta dama akwai inda aka rubuta tsarin da aka buɗe fayil da shi. Danna wurin, zaɓi Reopen with Encoding, ka ɗauki UTF-8. A Vim kuma :e ++enc=utf-8. Kada dai a adana fayil ɗin yana cikin wannan hali, don a nan ne ɓarnar take zama ta dindindin. Ƴan ƙungiyar da ke aiki tare su ajiye ɗan fayil mai suna .editorconfig da layin charset = utf-8; editoci da yawa suna bin sa, wasu da kansu, wasu da fulogin.

Shin ko kun san cewa a wannan yanki masu taɓa edita ba duka ne masu ƙera manhaja ba? Da yawa ma'aikatan ayyukan raya karkara ne da na lafiya, masu tattara bayanai da KoboToolbox ko ODK a waya, su dawo da fayil na CSV mai layi dubbai. Nasu fulogin shi ne Rainbow CSV, akwai shi a VS Code da Vim. Kowane ginshiƙi launinsa daban, ga sunan ƙauye kore, ga yawan gidaje ja, kuma yana iya nuna layin da ginshiƙansa suka gaza ko suka yi yawa. Yana gane waƙafi mai ruwa, wanda Excel na Faransanci yake raba ginshiƙai da shi saboda waƙafi zalla ya riga ya zama na lissafi, kamar a 2,5. Sannan edita ba ya taɓa maka bayanai ba da izini ba, alhali Excel kan share sifilin da ke farkon lamba, ko ya mai da wata lambar kwanan wata.

Shin ko kun san cewa suna ɗaya kan zo da rubutu uku ko huɗu a fayil guda? Guidan Roumdji, Guidan-Roumji, Gidan Rumji. Gazaoua, Gazawa. Ga kuma tsofaffin bayanai da suka sa garuruwan Gazawa da Gangara a ƙarƙashin Aguié, domin sai a 2011 Gazawa ta samu nata yankin mulki. Mai neman waɗannan a cikin fayil ɗari yana bukatar ripgrep, manhajar bincike da Andrew Gallant ya fitar a 2016. Ita ce ma ke aiki a bayan akwatin binciken VS Code. Buga Gu?idan.Ro?umd?ji da zaɓin regex a kunne, duk ukun farko za su fito. Abokin tafiyarta fzf ne, na Junegunn Choi ɗan Koriya ta Kudu: ka buga haruffa uku ko huɗu da ka tuna daga sunan fayil, ko ba a jere ba, ya kawo maka shi. Shi ne kuma mai vim-plug, fayil guda da ke girka sauran fulogin. Masu Neovim sun fi karkata ga Telescope, aikinsa dai ɗaya ne da na fzf.

Shin ko kun san cewa Tim Pope ɗin nan shi kaɗai ya rubuta fulogin na Vim da dama da aka fi girkawa? Ban da surround, akwai commentary, inda gcc ke mai da layi sharhi ko ya dawo da shi, da repeat, da kuma fugitive mai shigo da Git cikin edita.

Git kuwa, wanda Linus Torvalds ya rubuta a Afrilun 2005, shin ko kun san ba ya bukatar rezo? Mutane da yawa suna haɗa shi da GitHub, alhali tarihin aikinka gaba ɗaya a kwamfutarka yake. Ka yi commit sau ashirin a gona, ranar da ka shigo gari ka tura. Har ma akwai git bundle, mai dunƙule aikin a fayil guda a ba abokin aiki ta kile. A VS Code, GitLens na Eric Amodio yana rubuta maka a gefen kowane layi wanda ya taɓa shi da ranar da ya taɓa. Gitsigns yana yin makamancin haka a Neovim. Masu editan Emacs kuma da Magit suke tinƙaho, kuma suna da hujja.

Shin ko kun san dalilin da ya sa ƙaramin edita yanzu yake iya cika maka sunan umarni, ya ja jan layi a ƙarƙashin kuskure? A 2016 Microsoft, tare da Red Hat da Codenvy, suka fitar da wata yarjejeniya da ake taƙaitawa LSP. Kafin ita, kowane edita sai an rubuta masa nasa fulogin na kowane harshe. Yanzu manhaja ɗaya ce ke fahimtar harshen, kamar pyright ga Python ko clangd ga C, kowane edita ya yi magana da ita. Neovim ya shigar da LSP cikin jikinsa a fitowar 0.5 ta Yulin 2021. Masu Vim suna amfani da coc.nvim, ALE ko vim-lsp. A kwamfutarka take aiki, ba ta cin data. Abin da take ci shi ne ƙwaƙwalwar na'ura, don haka mai tsohuwar kwamfuta mai gigabait 4 ya kunna ta harshen da yake aiki da shi kaɗai.

Shin ko kun san ul>li*5 layi bakwai ne na HTML a dunƙule? Buga shi, danna Tab, Emmet ya warware. Sergey Chikuyonok ɗan Rasha ne ya haɓaka shi tun yana da sunan Zen Coding, kuma a cikin VS Code yake zuwa. Prettier na 2017 da Black na 2018 kuwa suna daidaita tsarin kod duk sanda aka adana, sun kashe gardamar tazara nawa za a bari a farkon layi.

Shin ko kun san edita yana iya rubutu daga dama zuwa hagu? Ga masu sha'awar ajami, Vim yana da :set rightleft da :set arabic, Emacs kuma tun fitowa ta 24 a 2012 yake haɗa rubutun dama da na hagu a layi ɗaya. A 2016 Unicode ya ƙara siffofin fa, ƙaf da nun irin na rubutun Warsh da almajiranmu suka saba gani a allo.

Shin ko kun san edita ma yana mutuwa? Atom, wanda GitHub ya fitar a 2014 kuma ya tara dubban fulogin, an rufe shi ranar 15 ga Disamba 2022, shekara huɗu bayan Microsoft ya sayi GitHub a kan dala biliyan 7.5. VS Code, da ya fito a 2015, shi ya gaje filin: a binciken Stack Overflow na 2023 kusan kashi 74 cikin 100 na waɗanda suka amsa sun ce suna amfani da shi. Fulogin ma haka. Bracket Pair Colorizer, mai shafa wa kowace baka da abokiyarta launi ɗaya, miliyoyi sun girka shi, sai a 2021 aka gina aikin cikin VS Code kansa, ya fi sauri nesa ba kusa ba, mai shi ya daina kula da nasa. Har yau ana samun masu bin tsofaffin jeri suna neman sa.

Manoman Ɗan Saga da kewayen Aguié sun yi suna da sassaben zamani: kututture ya tsiro da rassa goma, a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sare sauran don waɗanda aka bari su zama itace. Haka ya kamata a yi wa fulogin. Kowane ɗaya yana ƙara wa edita nauyin tashi, yana cin ƙwaƙwalwa da batir. Kuma akwai ma'auni. vim --startuptime da sunan wani fayil zai rubuta maka daƙiƙar da kowanne ya ci wajen tashi. A VS Code, umarnin Show Running Extensions yana nuna haka, Extension Bisect kuma yana kashe rabi ya bar rabi, yana tambayarka ko matsalar tana nan, har ya kama mai laifin. Duk fulogin da ka yi wata ba ka tuna da shi ba, cire shi.

Shin ko kun san cewa fulogin yana da ikon da kai kake da shi a kwamfutarka? Yana iya karanta fayilolinka, ya aika su waje. An sha kama na bogi a kasuwar fulogin ta VS Code, masu kwaikwayon sunan sanannu da bambancin harafi ɗaya. Wannan ya shafi shawarar kile da na bayar a sama: a karɓa daga hannun wanda aka sani, a duba sunan mawallafi. Masu taimakon rubutu da ƙirƙirarriyar basira, irin GitHub Copilot da ya fara fitowa a 2021, sai da rezo suke aiki, kuma suna tura sassan abin da kake rubutawa zuwa kwamfutocin kamfani. Mai riƙe da sunayen marasa lafiya ko na masu karɓar tallafi ya tambayi shugabanninsa kafin ya kunna su a kan irin wannan fayil.

Shin ko kun san, daga ƙarshe, cewa mai duba kuskuren rubutu yana koyon Hausa idan an koya masa? A Vim, :set spell zai ja layi a ƙarƙashin duk kalmar da bai sani ba, zg kuma ya shigar da ita cikin jerinka, wanda fayil ne na rubutu zalla, kalma ɗaya a kowane layi. Code Spell Checker na VS Code ma yana karɓar irin wannan jeri. Fulogin na Vim kuwa ba wani abin tsoro ba ne, folda ce da fayil ɗaya ko biyu. Wanda zai sa haruffanmu takwas masu lanƙwasa a kan maɓallai, na AZERTY da na QWERTY, bai kai layi talatin ba. Ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da ku masu koyo a waya a Aguié, Gazawa da Gidan Rumji: ku haɗa jerin kalmomin da sunayen garuruwanmu yadda muke rubuta su, ku ɗora a inda kowa zai samu kyauta, ku kuma ba na kusa da ku a kile.